Saniyar Hadari a Turken Marka

Da gari ya waye bayan ruwan da ya ci ƙauyen Kirya, a gundumar Rafin Baure, wata dattijuwa mai suna Marka ta fito duba abin da ya rage mata, sai ta tarar da saniya a cikin rumbunta.

Rumbun dai ya rushe, hatsin ciki ya bi ruwa, ɗakinta ya zube gefe guda. Saniyar kuwa ƙahonta ne ya sarƙe a jinkar rumbun. Baƙa ce wuluk, amma ba fata ce a jikinta ba, hadari ne yake murɗawa yana warwarewa. In ta ja numfashi sai a ji cida a cikinta, in ta ƙifta ido sai walƙiya ta haska tsakar gida, hantsarta kuma ruwan sama take ɗigarwa.

Da wani ne da ya ranta a na kare. Marka kuwa irin matan nan ce da in suka ɗaura ɗamara ko dagaci sai ya sake hanya. Kuma a ƙasarsu, dabbar da ta yi ɓarna kama ta ake yi a ɗaure har mai ita ya zo ya amsa laifi. Sai ta ɗauko igiyar guga ta zarga wa saniyar a wuya, ta ja ta zuwa turken akuyarta da ruwa ya tafi da ita.

Ta ce, "Ko ta sarkin aljannu ce, sai ya tako ya zo ya same ni."

Daga ranar ruwa ya ɗauke ƙaf a gundumar duka. Sama ta yi fes, rana ta buɗe wuta, ƙasar da ta sha ruwa har ta ƙoshi ta koma tsattsagewa. Abu ɗaya ya rage wa Marka a duniya, gonar da mijinta Mantau ya mutu ya bar mata a gangaren gari. Baƙar ƙasa ce da kowa yake ƙyashi, ruwan ambaliya ya ɗan kwanta a cikinta ya janye, dawarta ta miƙe har ƙugu. Yanzu ga dawar ta fara naɗe ganye, in kuwa ta mutu, Marka ba ta da abin kai wa baki har wata shekara.

Ana haka sai ga Dagaci Tunau da 'yan rakiyarsa. Shi Tunau shi ne ya cike kwarin da ya ratsa tsakiyar Kirya, ya jera shaguna a kai, ya gina gidansa a kan tudu. Duk shekara yana zuwa taron shirin damina a gidan hakimi, a yi jawabi a kan fari da ambaliya, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ya ji labarin saniya mai tatsar ruwa, gonarsa kuma tana ƙishi.

Ya ce, "Marka, kin dai san dabbar ɓarna gidan dagaci ake kai ta."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Na kuma san ka tun kana yawo ba wando. Ranar da ruwa yake cin ɗakina ban ga ƙeyarka ba, sai yau da ka ji akwai abin tatsa."

Tunau ya yi kamar bai ji ba, ya miƙa hannu zai kwance igiya. Saniya ta yi kuka guda, tsawa ta tsage, rawaninsa ya tashi sama ya sauka a kan kukar bayan gari. Kafin ka ce me, gidan ya zama ba kowa sai Marka.

Nan saniya ta buɗe baki ta ce, "Ya ke ma'abuciyar turke, ni ce jagorar garken Arɗon Gajimare. Garke ba ya ɗaga ƙafa sai ina gaba. Muddin ina ɗaure, ƙasarku ba za ta ga ɗigo ba. Ki sake ni."

Marka ta ce, "In sake ki, ki tafi kina kaɗa wutsiya, ni in zauna a kango? Wuce gaba ki nuna mini ubangidanki, da shi zan yi magana."

Ta ƙulla ɗan garin da maƙwabta suka sam mata, ta soke ƙaramin gatarinta a ƙugu, suka nufi gabas.

Sun bar ƙasar mutane ke nan sai suka iske wani kogi wanda ba ruwa ne yake gudu a cikinsa ba, yashi ne da turɓaya, suna ambaliya suna gurnani. A bakinsa wani aljani ne zaune, dogo siriri, yana tankaɗe ƙasa da rariya. Marka ta duba da kyau sai ta ga jar ƙasar gonakin tudun Kirya tana wucewa, ta san ta kamar tafin hannunta.

Ta ce, "Kai bawan Allah, wa ya ba ka ƙasarmu?"

Aljani ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kyauta kuka aiko mini. Kuka share gonaki tas, kuka ƙone kara da karmami, kuka bar ƙasa tsirara. Iska ta ɗebo, ruwa ya kwaso. Ni ban taɓa ƙin kyauta ba. In kin isa ki haye, amma wanda ya nutse nawa ne."

Marka ta sunkuya ta matsa hantsar saniya. Inda ruwan ya ɗiga sai yashin ya daskare, ta taka. Haka suka yi ta yi, tana tatsa tana takawa, kogin yana zuba mata ƙasa a ido da baki. A tsakiya ƙafarta ta zame, yashi ya kama ta har gwiwa, ta rungume wuyan saniya ta fizgo kanta da ƙyar. Ta fita da ranta, amma takalmanta sun zama na aljani.

Gaba kaɗan suka shiga wani daji wanda babu inuwa ko ta tsuntsu, don duk kututture ne, kuma tafiya suke yi a kan saiwoyinsu, ƙaro yana zubo musu kamar hawaye. Suka kewaye ta. Wani tsohon kututturen gawo ya matso ya ce, "Ɗan Adam ba ya ratsa dajin nan sai ya bar hannu ko ƙafa, yadda kuka yi mana."

Marka dai bakinta bai mutu ba. Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, tsoho. To da me kuke so in dafa tuwo, da yatsuna?"

Gawo ya ce, "Reshe muna bayarwa da daɗin rai, ba mu taɓa rowarsa ba. Abin da ya ƙona mana rai, an sare mu, mun haƙura, mun sake fitar da toho, duk shekara kuma sai ku bi shi da gatari wajen sassabe. Da kun bar mana toho ɗaya ɗaya, da yanzu muna tsaye muna riƙe muku ƙasa."

Marka ta san ita ma ta sare toho ba adadi. Ta zare gatarinta ta ajiye a gaban Gawo ta ce, "Ga hannun da nake cutar ku da shi, na bar shi."

Kututture suka yi ta raɗa a tsakaninsu, daga bisani suka buɗe hanya. Gawo ya zubo mata 'ya'yansa cike da gefen zani ya ce, "Ki ba saniyar ta ci in za ku koma. Irina ba ya tsira da kyau sai ya bi ta cikin dabba."

Daga nan sai wani fili fetal, ba ciyawa ba kiyashi. Can tsakiya wata tsohuwa ce a duƙe, fatarta a tsattsage kamar gindin busasshen tabki, tana shara da wata doguwar tsintsiya. Duk inda tsintsiyar ta bi, ko ƙaya ba ta saura. Saniya ta ja da baya.

Tsohuwa ta ɗago ta ce, "Maraba da 'yar'uwa. Ni ce Uwar Fari. Kin yi mini aikin da na daɗe ina nema, kin ɗaure mini wannan fitinanniya. Ba ni igiyar. Ni kuma na yi miki alkawari, in na zo sharar Rafin Baure zan tsallake gonarki. Dawarki za ta yi zangarniya har ta rusuna, ke kaɗai a gundumar."

Ba za a ɓoye ba, Marka ta ji maganar har cikin ranta. Ta tuna dawar nan tana naɗe ganye, ta tuna yadda Mantau ya yi ta zuba wa gonar taki har ƙarfinsa ya ƙare. Hannunta ya fara sassauta igiya. Sai kuma ta tuna da wane ne ya ba ta garin da yake ƙulle a zaninta.

Ta ce, "Wato in zauna ina cin tuwo, jikokin maƙwabta suna kuka ta bayan danga? Ke ko kunya ba ki ji? Kuma wa ya ce miki ni 'yar'uwarki ce?"

Uwar Fari ta daka tsalle ta kawo mata shara. Zafi ya bugi Marka, leɓɓanta suka fashe, ganinta ya dushe. Ta kama hantsar saniya ta feshe tsohuwar da ruwa a fuska. Tsohuwa ta ƙwala ihu, jikinta yana tururi, ta yi baya tana cewa, "Je ki! Ina nan tafe bayan damina, in ga abin da za ku tare ni da shi."

Suka hau wani dutse wanda kansa ya shige sama, sai ga rugar gajimare. Shanu ne iya ganin ido, baƙaƙe da farare da masu ruwan toka, hantsarsu ta kumbura har tana jan ƙasa, suna ta kuka suna turereniya. A gabansu wani dattijo ne tsaye, gemunsa fari kamar hazo, ya gitta sandarsa ya tare su, gumi yana zuba daga goshinsa. Shi ne Arɗon Gajimare.

Marka ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, sa'an nan ta miƙe ta zazzage masa duk abin da yake cikinta, tun daga rumbu har akuya.

Arɗo ya saurara har ta gama. Ya ce, "Ya ke baiwar Allah, ruwa na Ubangiji ne, mu makiyaya ne kawai. Amma tun da shari'ar ƙasarku kika kawo, da ita za mu yi. Kakanninku sun bar wa shanun mutane burtali, hanyar da ba a nomawa, mu ma sun bar mana namu, da makwancin da garke yake hutawa. In dabba ta bi burtali ta tarar an gina a kai, wa yake da laifi?"

Marka ta ce, "Wanda ya gina. Amma rumbuna ba a kan hanyar kowa yake ba."

Ya ce, "Gaskiyarki. Mun zo kwarin da muka saba bi muka tarar da shaguna, garke ya fantsama cikin gari. Wanda ya toshe hanya ya kwana lafiya a tudu, ke kika biya."

Ta ce, "To na ji. Amma da can a jere kuke zuwa, yau kaɗan gobe kaɗan. Me ya sa yanzu sai ku auko gaba ɗaya, ku kuma ɓace kamar an yi muku kora?"

Arɗo ya ce, "Hayaƙin da 'yan Adam suke turo mana daga manyan garuruwan da ba ki taɓa jin sunansu ba, shi ya firgita su. Wurin kiwonsu ya yi zafi. Dā da murya nake juya su, yanzu ko sanda da ƙyar."

Ta ce, "Mu da injin niƙa ɗaya ne a garin, shi ma rabin shekara a lalace? Wasu su yi hayaƙi, mu mu sha duka?"

Ya ce, "Zalunci ne, ban musa ba. Amma wannan ƙarar ba a gabana za ki kai ta ba. Abin da yake hannuna shi ne wannan. Ki koma da jagorar, ki sake mata igiya. Inda ta taka, burtali ne, ku buɗe. Inda ta kwanta, makwanci ne, ku haƙa shi da zurfi. In garke ya sami wurin kwana zai bar muku ruwan da za ku tari Uwar Fari da shi. Zan riƙe su iyakar ƙarfina, amma kina ganin yadda hannuna yake rawa. Sharaɗi ɗaya ne, duk abin da ta taka ko ta kwanta a kai, ko na wane ne, ba a ɗaga ƙafa."

Marka ta hango shagunan Tunau a zuciyarta, wani daɗi ya kama ta. Ta ce, "Na rantse, ko na uban wane ne!"

Arɗo ya ce, "Ki yi tunani."

Ta ce, "Tun a gida na gama tunanina."

Ta ba saniya 'ya'yan gawo ta cinye, ta haye bayanta, iska ta ɗauke su. Kafin ta gyara ɗaurin kallabi sun sauka a bakin Kirya.

Mutane suka taru, Marka ta ba su labari. Babu wanda ya ƙaryata, don gabas ta yi baƙi ƙirin ta tsaya cik, ana jin kukan garke daga nesa. Ta kwance igiya. Saniya ta kama hanya a hankali, jama'a suna biye, inda ta taka sai sawun ya cika da ruwa, inda ta yi kashi sai ɗan gawo ya ɓullo. Ta gangaro tsakiyar gari ta ratsa shagunan Tunau ɗaya bayan ɗaya, tana shiga ta bango tana fita ta bango. Marka ta rangaɗa guɗa har sai da muryarta ta dushe, Tunau kuwa ya tsaya yana haɗiyar yawu.

Saniya ta fita gari ta bi gangare. Marka tana ta dariya har suka wuce tsamiya, daga nan dariyar ta fara raguwa, don ta san hanyar nan. Saniya ta shiga gonar Mantau, ta zaga ta, ta je tsakiyar dawa ta durƙusa ta kwanta, ta yi ajiyar zuciya.

Marka ta ƙarasa ta tsuguna kusa da kunnenta, ta yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji. Ta ce, "Don girman Allah ki tashi. Matsa gaba kaɗan, ga fili can. Ni fa na hana Uwar Fari ke."

Saniya ta ce, "Na sani, ma'abuciyar turke, kuma ban manta ba. Amma nan uwata take kwana tun ba a haifi mijinki ba. Tabki ne ya cike kuka mai da shi gona. Baƙar ƙasar da kike alfahari da ita, shimfiɗarmu ce."

Sai ga muryar Tunau daga baya, har da 'yar dariya. "To, Marka, ke kika ce ko na uban wane ne. Ko mu bar maganar nan, kowa ya riƙe nasa? Ni ban matsa ba."

Wannan ita ce maganar da ta fi ruwan ciwo. Mutumin da ya jawo mata asarar ɗaki da rumbu, shi ne yau yake mata tayin su haɗa kai su bar gari ya nutse. Marka ta dubi dawarta. Dawar ta sha wuya amma tana da rai, ruwa ɗaya take jira. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ta karɓi garma a hannun wani manomi, ta ɗaga ta kafta wa kunyar farko, dawa ta kwanta. Ta sake kaftawa, ta sake, har ta kai ƙarshen layi.

Ta dawo ta dangwara wa Tunau garmar a ƙirji ta ce, "Na sare tawa. Saura taka."

Aka buga gangar gayya, ƙauyukan gundumar suka fito ƙwai da kwarkwata. Maza suna haƙa, mata suna kwasar ƙasa, aka rushe shaguna mai su yana kallo, aka jera duwatsu a gicciye a gonakin tudu don ƙasa ta daina gudu. Ba su gama goge gumi ba sandar Arɗo ta gaza. Garke ya auko da rugugi, ya sami hanya a buɗe, ya bi ta tsakiyar Kirya bai taɓa ko danga ba, ya gangara ya kwanta a makwancinsa.

Bayan damina Uwar Fari ta cika alkawari, ta zo da tsintsiyarta. Ta tarar da tabki cike, an kewaye shi da lambuna, rijiyoyi ba su ƙafe ba, ga toho an bari a kowace gona. Ta yi tsaki ta wuce gaba.

Da kaka kowa ya kai amfani gida ban da Marka. Hakimi ya zo da baƙi daga birni, aka yi jawabi, aka ci shinkafa, aka ɗauki hoto, aka kafa wani allon ƙarfe a bakin ruwa mai cewa Tabkin Dagaci Tunau. Marka ba ta yi boko ba, amma an karanta mata. Da rana tsaka, a gaban kowa, ta je ta tumɓuke allon ta ɗora a ka, ta kai gida ta rufe bakin sabon rumbunta da shi, wanda maƙwabta suka gina mata suka zuba dami ɗaya ɗaya. Har yau ba a sami mai ƙarfin halin zuwa karɓa ba.

Rumbun yana cika duk shekara, amma hatsin ba na gonarta ba ne, ita ma ba ta taɓa yin kamar ta manta ba. In ta zo wucewa ta bakin tabkin takan tsaya, ta kama hannun duk wanda yake kusa, ta nuna masa tsakiyar ruwan ta ce, "Ka ga can? Can Mantau yake ajiye butarsa in zai fara noma."